Nasiha ga Matasa Masu Wasan Gina Birni Game da Faɗaɗa Fili

Wasannin gina birni wani reshe ne na wasannin kwamfuta da wayar hannu wanda a cikinsa ake danƙa wa mai wasa fili fayau da ɗan abin da ba a rasa ba a baitulmali, a ɗora masa nauyin shimfiɗa tituna, da keɓe wuraren zama da na kasuwanci da na masana'antu, da samar da ruwan sha da wutar lantarki, har ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Wasan da ya fito da wannan reshe sarari shi ne SimCity, wanda Will Wright ya tsara, kamfanin Maxis na Amurka ya fitar a 1989, kuma kusan duk wasan da ya biyo sawunsa yana da wata iyaka da aka shata a taswira wadda ba a gini a bayanta, ko da yake a wasu wasannin iyakar a kafe take, a wasu kuma ana iya tura ta gaba idan an cika sharuɗɗa. Wannan iyaka ce ta fi ci wa sababbin 'yan wasa tuwo a ƙwarya, musamman matasa masu zafin nama, domin da zarar gidaje sun fara taɓa layin sai hankalinsu ya tattara a kan yadda za su tsallake shi, su shagala daga abin da ke cikinsa. Alhali tambayar da ta kamata matashi ya fara yi wa kansa ita ce dalilin da ya sa aka shata iyakar tun farko, tunda wata an yi ta ne domin horar da mai wasa, wata saboda na'ura ba za ta ɗauki fiye da haka ba, wata kuwa an yi ta ne musamman domin a sayar masa da mabuɗinta.

Iyakar da na'ura ke haifarwa ta bayyana ƙarara a sabon SimCity da aka fitar a watan Maris na 2013, wanda filin kowane birni a cikinsa bai wuce kimanin kilomita 2 a tsawo da kilomita 2 a faɗi ba, duk da cewa SimCity 4 na 2003, da ya girme shi da shekara goma, yana ba da fili mai kilomita 4 a kowane gefe, wato ninki huɗu a faɗin ƙasa. 'Yan wasa sun yi ta ƙorafi, domin filin kan cika ba da jimawa ba, ga kuma ƙasa shimfiɗe a kewaye ana kallonta babu damar taɓawa. Musabbabin haka shi ne injin wasan, wato manhajar da ke lissafin duk abin da ke motsi a cikinsa, an gina shi ne a kan bin sawun motoci da ma'aikata da masu sayayya ɗaya bayan ɗaya, saboda haka kowane ƙarin fili ƙarin lissafi ne da zai hau kan kwamfuta. A watan Oktoba na shekarar kamfanin ya sanar da cewa ya dakatar da ƙoƙarin faɗaɗa biranen, saboda akasarin kwamfutocin masu wasan ba za su jure nauyin ba.

Wannan giɓi ne wani ƙaramin kamfani mai suna Colossal Order, da ke birnin Tampere na ƙasar Finland, ya cike da wasan Cities: Skylines, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a watan Maris na 2015, kuma tsarin filinsa shi ya fi cancanta a yi nazari a kansa, domin a nan ne iyakar horarwa ta fi fitowa fili. An raba tsakiyar taswirar zuwa murabba'i 25, biyar a tsaye biyar a kwance, kowane murabba'i yana da kusan kilomita 2 a kowane gefe. Mai wasa yana farawa da guda ɗaya da kuɗin wasa 70,000, kuma iyakar abin da zai mallaka a asalin wasan shi ne tara, wato kimanin murabba'in kilomita 36. Ba a buɗe masa damar saye sai yawan jama'arsa ya kai wasu matakai da za a iya kira zango, waɗanda adadinsu 13 ne daga ƙaramin ƙauye zuwa ƙasaitaccen birni, sannan dole sabon murabba'in ya kasance manne da wanda aka riga aka mallaka, kuma abin da aka saya ba a mayar da shi. Idan aka cire na farko da aka ba shi kyauta, zaɓi takwas kacal ke hannun mai wasa a tsawon rayuwar birninsa, kuma kowane zaɓi yana buɗe wasu maƙwabtan filaye yana nesanta wasu. Matashin da ya fahimci wannan lissafi ba zai danna saye don kawai alamar ta haskaka a allo ba.

Kafin a biya kuɗi, wasan yana nuna bayanin kowane murabba'i: yawan ƙasar da za ta ginu a cikinsa, da albarkatun da yake ɗauke da su, wato ƙasar noma da daji da ma'adinai da man fetur, da kuma hanyoyin da ke haɗa shi da duniyar waje, wato babbar hanyar mota da layin dogo da hanyar jirgin ruwa da ta jirgin sama. Sabon ɗan wasa yakan duba abu ɗaya ne, shi ne wane fili ya fi shimfiɗa kuma ya fi arha, amma gogagge yakan fara da duba hanyoyin, domin birnin yakan fara ne da mashiga guda ɗaya tak daga babbar hanya, kuma duk wanda zai ƙaura zuwa garin, da duk motar da za ta kawo kaya ko ta fitar da su, ta wannan maƙogwaro za ta bi. Idan aka ƙara fili a can bayan gari, nesa da babbar hanya, an ƙara yawan masu bin maƙogwaron ne ba tare da an faɗaɗa shi ba, sai cunkoso ya taso daga mashiga ya ratsa tsakiyar gari, kaya su daina isa kantuna, masana'antu su rasa kayan aiki, a fara ganin gine-gine ana ƙaurace musu. Saboda haka, a mafi yawan taswirori, murabba'in da ya fi daraja a saye na biyu ko na uku shi ne wanda wani ɓangare na babbar hanya ko layin dogo ya ratsa ta cikinsa, ko da rabinsa tudu ne, domin shi zai ba da damar buɗe mashiga ta biyu, a kuma kafa tashar jirgin ƙasa ta kaya wadda ke ɗauke manyan motoci daga titunan unguwa. Amfanin irin wannan fili bai tsaya ga gidajen da za a gina a kansa ba, yana komawa ne ga tsohon garin gaba ɗaya.

Albarkatun ƙasa ma suna da bambancin da ya kamata a sani. Man fetur da ma'adinai suna kawo kuɗi da yawa cikin hanzari, amma suna ƙarewa, suna kuma gurɓata ƙasa, kuma idan sun ƙare masana'antun da aka kafa dominsu sukan koma shigo da ɗanyen kaya daga waje, abin da ke ninka zirga-zirgar manyan motoci. Noma da itacen daji ribarsu ba ta kai ta fetur ba, sai dai ba sa ƙarewa. Wanda ya kashe ɗaya daga cikin zaɓinsa takwas a kan rijiyar mai, to ya tanadi abin da zai yi da filin bayan rijiyar ta ƙafe.

Sha'anin ruwa ya fi wannan tarko, domin ruwan wasan yana gudana da gaske, yana da magangara, kuma akwai kibiyoyi da ke nuna inda ya nufa. Ƙa'idar da kowa ke koya a sa'ar farko ita ce a kafa famfon jan ruwan sha a saman kogi, a kafa bututun zubar da ƙazanta a ƙasansa, amma da yawa sukan manta da ita a lokacin faɗaɗawa. Abin da ake kira ƙasan kogi a filin farko shi ne saman kogi a filin da ke biye da shi, don haka wanda ya sayi murabba'in da ke gangaren bututunsa ya sayi gaɓar da shi da kansa ya daɗe yana ɓatawa, kuma idan ya kafa famfo a can, ba da daɗewa ba alamar rashin lafiya za ta bayyana a kan gidaje, asibitoci su cika, haraji ya faɗi. Maganin abin shi ne a mayar da bututun can ƙarshen sabon filin tun kafin a keɓe wurin zama ko ɗaya, a jira ruwan ya wanke kansa, ko kuma a haƙura har a kai zangon da ake buɗe matatar ruwan ƙazanta.

Babban abin da ke karya biranen matasa, duk da haka, kuɗin da ke biyo bayan sayen fili ne, domin kuɗin sayen sau ɗaya ake biyansa, amma duk abin da aka ɗora a kan filin yana da kuɗin kula da ake cirewa daga baitulmali kowane mako, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Titi yana da nasa, bututun ruwa da layin wuta suna da nasu, haka makaranta da asibiti da ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana. Bugu da ƙari, hidimomin nan ba sa isa ga jama'a sai ta kan titi, wato motar kashe gobara sai ta fito daga tasharta ta bi hanya ta ratsa cunkoso kafin ta isa gidan da ke ci, motar shara ma haka, saboda haka unguwar da aka kafa nesa da gari tana buƙatar nata cikakken rukunin hidimomi tun mutanenta ba su kai yawan da harajinsu zai ɗauki nauyinsa ba. A nan ne ake ganin ɗan wasa ya shimfiɗa tituna sun cika sabon murabba'i daga gefe zuwa gefe cikin 'yan mintuna, yana jin daɗin kyan zanen, sai lambar kuɗin shiga da ke ƙasan allo ta rikiɗe daga kore zuwa ja, ya garzaya ya ci rance mai kuɗin ruwa, ya ƙara haraji har jama'a su fara ƙaura, ya wayi gari filinsa ya ninka amma birninsa ya fi da talauci. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ja titi ɗaya babba zuwa cikin sabon filin, a buɗe unguwa guda a gefen da ke manne da tsohon gari domin ta ci moriyar hidimomin da ke akwai, a bari ta cika ta fara biyan haraji, sannan a ƙara ta gaba.

Akwai kuma wata masifa da ba ta bayyana sai an manta da sanadinta, wadda 'yan wasa ke kira guguwar mutuwa. Mazauna birnin suna tsufa suna mutuwa, kuma idan aka keɓe wurin zama mai faɗi a lokaci guda, dubban mutane masu kusancin shekaru sukan tare a lokaci guda, su tsufa tare, su mutu kusan a tare. Motocin ɗaukar gawa ba sa iya zagaye gidajen, maƙabartu su cika, gidajen da gawa ta daɗe a cikinsu a ƙaurace musu, yawan jama'a ya faɗi warwas, sannan sababbin da za su maye gurbinsu su ma su shigo a tare, abin ya riƙa maimaita kansa lokaci bayan lokaci. Ƙara maƙabartu yana rage zafin abin, amma tushensa yana can a ranar da aka keɓe fili guda don gidajen zama saboda ɗoki.

Tun kafin a kai ga duk wannan, wajibi ne mai wasa ya tabbatar cewa ƙarancin fili ne matsalarsa da gaske. A ƙasan allo akwai sanduna uku da ke nuna buƙata: kore ta gidaje, shuɗiya ta kantuna, mai ruwan goro ta wuraren aiki, kuma idan ta gidaje tana ƙasa, ko an sayi duniya babu mai tarewa. Sannan tsarin keɓe fili yana da ma'auni: an raba gefen kowane titi zuwa ƙananan gidajen dara masu mita 8, kuma gini ba ya wuce huɗu daga bakin titi, wato mita 32, don haka titunan da aka jera da tazarar da ta fi ninki biyu na wannan suna barin ƙasa a tsakiya da ba mai amfana da ita, waɗanda aka matse kuma suna cinye filin da kwalta. Gidajen zama suna da mataki biyar na ɗaukaka, kantuna da masana'antu da ofisoshi suna da uku, kuma gini yana hawa mataki ne idan darajar ƙasa ta ƙaru ta hanyar wuraren shaƙatawa da hidimomi, ilimin mazauna kuma ya ƙaru, ginin da ya hau kuwa ya fi ɗaukar mutane ya fi biyan haraji a kan filin da yake tun farko. Idan aka kai zangon da ake buɗe dogayen benaye da ofisoshi, murabba'in farko kaɗai yana iya ɗaukar ninkin abin da yake ɗauke da shi ba tare da an ƙara titi ko ɗaya ba, kuma a nan ne motocin safa da jirgin ƙarƙashin ƙasa ke fara biyan kuɗinsu, tunda sufurin jama'a ba ya riba sai inda mutane suka taru.

Wannan ba ya nufin mallakar fili a bar shi babu gini laifi ne. Tarihin Kano ya isa shaida, domin ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, wanda tarihin sarakunan Kano ya sa mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta kewaye ƙasa da ta fi ƙarfin gidajen lokacin nesa ba kusa ba. Turawan da suka ziyarci birnin a ƙarni na 19, irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851, sun lura cewa babban ɓangare na cikin ganuwar gonaki ne da sarari, kuma hikimar hakan a bayyane take: wurin noma da kiwo idan an yi wa gari ƙawanya, mafakar mutanen karkara a lokacin yaƙi, da wurin zaman waɗanda ba a haifa ba tukuna. A Cities: Skylines na farko, filin da aka saya aka bari ba ya cin ko sisi bayan kuɗin sayensa, saboda haka babu aibi a saye shi da wuri idan yana tsare wata hanya ko gaɓar teku da za a buƙata nan gaba, matuƙar an iya danne zuciya ba a shimfiɗa masa kwalta ba.

Wata hanyar samun fili ita ce gyaran ƙasar kanta, domin wasan yana da kayan aikin rage tudu da cike kwari da gina katangar bakin ruwa, kuma ƙasar da za a cike wuri da ita sai an haƙo ta daga wani wurin, kowane aiki kuma da kuɗinsa. Wanda ya taɓa bakin kogi ba tare da lura ba yakan ga ruwa ya sauya hanya ya malale unguwa, haka ma wanda ya kafa madatsar ruwa don samar da lantarki bai auna tsayin gaɓa ba. Masu wannan aiki a zahiri ba sa gaggawa. Ƙasar Holan, wadda ta ƙwato lardin Flevoland kusan gaba ɗayansa daga ruwa, ta busar da kudancinsa a 1968, amma mazaunan farko ba su tare a birnin Almere da aka gina a kansa ba sai a 1976, kuma yankin bai zama lardi mai cin gashin kansa ba sai a 1986. Mai wasa ba zai jira shekara takwas ba, amma aƙalla ya adana wasansa kafin ya taɓa ruwa, ya kuma bar agogon wasan ya gudana ya ga inda ruwan ya kwanta kafin ya ɗora gini.

Masu wasa a kwamfuta suna da wata ƙofa, ita ce ƙananan manhajojin da 'yan wasa ke ƙirƙira su ɗora a dandalin Steam, waɗanda wasu ke buɗe murabba'i 25 gaba ɗaya, wani kuma ya buɗe 81, wato har da gefen taswirar da aka yi don ado. Babu laifi a amfani da su ga wanda ya riga ya cika murabba'i tara ya ƙware, amma sun cire iyakar horarwa ne kawai, iyakar na'ura tana nan daram. Injin wasan ba ya tafiyar da motoci fiye da 16,384 ko mutane fiye da 65,536 a kan tituna a lokaci guda, kuma idan birni ya kai wannan rufi, motar shara da ta ɗaukar gawa na iya kasa fitowa saboda babu gurbi, tun ba a yi maganar kwamfutar da za ta riƙa zafi tana sarƙewa ba. Matashin da ke wasa a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda wataƙila ita ce kuma ta karatunsa, ya fi kowa buƙatar sanin haka. Ba a banza ba ne na'urorin wasa na talabijin ba su sami murabba'i 25 ba sai da aka fitar da sabon bugu a watan Fabrairu na 2023 domin PlayStation 5 da Xbox na sabon zamani.

Kashi na biyu na wasan, da ya fito a watan Oktoba na 2023, ya sauya ma'aunin: an raba taswirar zuwa ƙananan murabba'ai 441 da suka kai kimanin murabba'in kilomita 159, ana farawa da tara daga ciki. Da farko filin kuɗin saye kawai yake ci, amma a gyaran tattalin arzikin wasan da aka yi a watan Yuni na 2024 an ƙara kuɗin kula a kan filayen da aka saya, wanda ke hauhawa gwargwadon yawansu, ta yadda dabarar saye a ajiye da ta yi amfani a kashi na farko ta zama nauyi a na biyu. Ya kamata mai wasa ya karanta dokar wasan da ke gabansa, kada ya ɗauko shawarar da ya gani a wani tsohon bidiyon YouTube ya ɗora ta a inda ba ta dace ba.

Akwai kuma abin da duk waɗannan wasanni ke ɓoyewa, wanda bai kamata matashi mai sha'awar karatun tsara birane ko safiyo ya jahilta ba. Stone Librande, ɗaya daga cikin manyan masu tsara SimCity na 2013, ya taɓa bayyana cewa da suka auna girman wuraren ajiye motoci a biranen gaske sun ga cewa kwaikwayonsu yadda suke zai sa wasan ya zama abin gundura, sai suka rage su. Abin da aka rage game da mallakar ƙasa ya fi wannan girma, domin filin wasa ba shi da mai shi, babu manomi a kansa, babu kabarin kakan kowa, babu magada, kuma ana rushe unguwa da danna maɓalli ɗaya ba tare da an biya diyya ba. A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma tanadi diyya a kan gine-gine da amfanin gona idan an karɓi fili don amfanin jama'a, sannan Abuja da aka ƙirƙira da dokar soja a 1976, aka koma cikinta a 1991, an gina ta ne a kan ƙasar da Gwarawa da wasu ƙabilu ke zaune, kuma batun sake tsugunar da su har yau bai mutu ba. Wasan yana koyar da lissafin titi da ruwa da haraji daidai gwargwado, amma game da haƙƙin mutanen da ke kan ƙasa bai koyar da komai ba.

Saura iyaka ta uku, wadda ta fi shafar yawancin matasa, tunda wayar hannu ta fi kwamfuta yawa a hannunsu. Wasanni irin su SimCity BuildIt, da kamfanin EA ya fitar a 2014, da Township na kamfanin Playrix, ana sauke su kyauta, kuma kuɗin kamfanonin yana fitowa ne daga abin da ake saye a cikin wasan da kuma tallace-tallace. A SimCity BuildIt ba a faɗaɗa fili sai an tara sassa uku na motar katafila, wato taya da wuƙar tura ƙasa da salansa, a Township kuwa shebur da gatari da zarto, kuma adadin da ake nema yana ƙaruwa yayin da ake ci gaba da faɗaɗawa. Kayan suna zuwa ne bisa sa'a, saboda haka sau da yawa biyu sukan taru ɗaya ya yi ƙaranci, waɗanda suka taru kuma su cinye wurin ajiya, wurin ajiyar shi ma ba ya faɗaɗa sai da wasu kaya uku na daban. A daidai lokacin da abu ɗaya ko biyu suka rage, wasan zai nuna cewa ana iya cike giɓin da kuɗinsa na musamman, wanda hanya mafi sauri ta samunsa ita ce a saye shi da kuɗin gaske. Babu wata na'ura da ta tilasta wannan ƙunci, kuma babu wani darasin tsara birni a cikinsa. An auna shi ne daidai inda haƙurin mutum ke ƙarewa.

Wanda ya gane haka yana iya cin moriyar wasan ba tare da wasan ya ci shi ba. A SimCity BuildIt ana ɗaga gini a sauya masa wuri kyauta, kuma tashoshin kashe gobara da na 'yan sanda da asibitoci kowanne yana da faɗin da yake rufewa, don haka birnin da aka tattara gidajensa a kewayen hidimomi, aka tura masana'antu gefe, aka ɗaukaka gidajen da ke akwai zuwa matakinsu na ƙarshe, yakan daɗe bai buƙaci sabon fili ba, kafin nan kuma kayan sun taru, ko an saye su a kasuwar wasan da kuɗin wasa daga hannun wasu 'yan wasa. Haka kuma bai kamata a bar sanarwar wasa ta riƙa tashin mutum da tsakar dare ko ta raba shi da darasi da salla don kada wani kaya ya wuce shi ba, domin ana iya kashe sanarwar a saitin waya, kuma birnin ba ya rushewa don an bar shi kwana biyu.

Filin da aka saya da kuɗin gaske a irin waɗannan wasanni yana zaune ne a kan kwamfutocin kamfani, babu takardar mallaka, babu hanyar sayar da shi, kuma yana nan ne iya lokacin da kamfanin ya ga akwai riba. Wasan CityVille na kamfanin Zynga, da ya fito a Facebook a ƙarshen 2010 ya kuma tara masu wasa kimanin miliyan 100 a wata a farkon 2011, wanda shi ma sai da takardun izini ake faɗaɗa fili a cikinsa, an rufe shi a 2015, SimCity Social kuwa da aka buɗe a 2012 bai wuce watan Yuni na 2013 ba, kuma duk biranen da ke cikinsu sun tafi tare da su. Don haka ana kira ga matasa da kada su haɗa katin banki, nasu ko na iyayensu, da asusun da suke wasa da shi, su kuma sa kalmar sirri a kan duk wani saye a Play Store, musamman idan ƙannensu na ɗaukar wayar.